Gidan da na kama da rani

Wudil ba birni ba ne, amma kuɗin hayarsa na birni ne. Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano a garin a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga kuma makarantar horar da manyan 'yan sanda, masu neman ɗaki suka fi ɗakunan yawa. Ɗalibai huɗu ko biyar sai su haɗa kuɗi su kama ciki da falo, su biya abin da magidanci mai albashi ɗaya ba zai iya ba. Haka abin yake a Dutsin-Ma da Kashere tun da aka kafa musu jami'o'in tarayya a 2011. Ma'aikacin da aka yi wa canji zuwa irin waɗannan garuruwa yakan taho da zaton komai araha ne. Ni ma da wannan zaton na taho.

Malamin sakandare ne ni, an turo ni a watan Maris na 2024. Da farko jeka-ka-dawo nake yi daga Kano, sai na ga kuɗin mota zai cinye albashin, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 hanya ta daina ɗaukar talaka. Na shiga neman gida ido rufe.

Wani dillali ya kai ni wani gida a bayan gari: ɗaki biyu da falo, banɗaki a ciki, sabon fenti, ga rijiya a tsakar gida. Da ya faɗi kuɗin sai da na sake tambayarsa, saboda bai kai na gidajen da na gani a baya ba ko kusa. Ya ce, "Malam, rabonka ne ya tsaga. Amma fa akwai wanda zai kawo kuɗi bayan la'asar." Kafin la'asar ɗin na biya kuɗin shekara cif, na ɗora masa la'adarsa, kashi 10 cikin 100. Da na yi maganar takarda, mai gidan, dattijo ne sa'an mahaifina, ya yi murmushi ya ce, "Haba ɗana, tsakaninmu har sai an rubuta?" Kunya ta kama ni, na yi shiru. Alhali na san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wanda ya karɓi kuɗinka na shekara kuwa, ai kana bin sa zaman wata goma sha biyu.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, gidan bai ɓoye mini komai ba. Na leƙa rijiyar nan a tsakiyar zafin Maris, lokacin da rijiyoyin mutane suke ƙafewa, na ga ruwa kusa, har na yi murna na huta da 'yan garuwa. Ban tsaya na ce me ya kawo ruwa nan kusa ba. Na ga fentin daga ƙasa zuwa ƙugu ya fi na sama kauri. Na ga duk maƙwabta sun tayar da dakalin ƙofarsu, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga soro. Zuciyata ta raya mini akwai dalilin wannan arahar, na danne ta, don ina tsoron in na tambaya amsar za ta raba ni da gidan. Ba a ruɗe ni ba, ni na ƙi sani.

Da marka ta kankama a watan Agusta, ruwan bai tsaya bin ƙofa kawai ba, ta ƙarƙashin siminti yake tsattsafowa. Katifu suka jiƙe, buhun masara ya yi funfuna, masai ta cika ta haɗe da ruwan tsakar gida. Rijiyar da na yi wa murna ta zama abin gudu. Dole na mayar da iyali Kano gidan surukai, ni kuma na koma raɓe a ɗakin wani abokin aiki.

Wani tsoho da nake wucewa kullum a ƙofar masallacin layin shi ya warware mini. Ya ce, "Malam, ai da ka yi mana sallama tun farko. Wurin nan kududdufi ne, nan aka ɗebi ƙasar ginin unguwar. Shara aka zuba aka cike shi aka yi gini." Duk ruwan layin can yake taruwa tun asali, kuma ruwa ba ya mance hanyarsa. Yaro ƙarami a unguwar ya san wannan.

Ni da mai gidan muka je gaban mai unguwa. Ya tambayi takarda, babu. Ya tambayi shaida, sai dillali, wanda cinsa yana ga ƙulluwar ciniki. Mai gida ya ce shi bai kore ni ba, gida yana nan, kuma ban taɓa tambayarsa batun damina ba balle a ce ya yi mini ƙarya. Na so in yi musu, na rasa ta inda zan fara, don gaskiya ya faɗa. Albarkacin mai unguwa ya dawo mini da ɗan wani abu, sauran ya bi ruwa, na ci bashi na kama wani ɗakin mai tsada a kan tudu.

Ɗan'uwa, in an turo ka Wudil ko wani gari irinsa da rani, kafin ka miƙa ko sisi ka sallami dillali, ka dawo kai kaɗai ka yi salla a masallacin layin, ka tambayi dattawan wurin ta ina ruwa yake bi a watan Agusta. In ka gamsu, a rubuta a gaban shaidu biyu, ko da mai gidan kawunka ne.