Ajin da Ya Ƙi Watsewa

A al'adar makarantun boko, idan aji ya kammala sakandare akan ƙidaya abin da ya tara, watau kofunan ƙwallo, da kyaututtukan muhawara, da yawan waɗanda suka ci jarrabawa. Wannan mudu yana da kyau a lokacin zaman lafiya. Amma duk wanda ya auna da shi yaran Batsari da Safana waɗanda suka shiga aji ɗaya cikin 2017, suka fita cikin 2023, to lalle ya tauye musu hakki.

Ƙananan hukumomin nan biyu suna yammacin Jihar Katsina, a bakin dajin Rugu wanda ya miƙa har ƙasar Zamfara. Mutanensu manoma ne da makiyaya, Batsari kuwa ta yi suna wajen noman rogo. Saboda haka yaron da ke zaune kan benci da safe, shi ne ke riƙe da fartanya da yamma, kuɗin littafinsa kuma daga rumbu yake fitowa. Duk abin da ya taɓa gona ya taɓa aji.

Farkon zamansu bai bambanta da na sauran 'yan makaranta ba. Sukan yi sharar fili kafin taron safe, su yi aikin gonar makaranta da damina, su yi maci ranar 27 ga watan Mayu don bikin Ranar Yara. A wajen muhawara akan yi ta kai-kawo a kan wanda ya fi amfani tsakanin likita da manomi, mai kare manomi kuwa ba ya rasa hujja, domin aikin ubansa yake karewa. Satar shanu ta riga ta daɗe a yankin, amma a lokacin yara na jin ta kamar labarin daji.

Suna aji biyu labarin ya shigo gari. Cikin watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari, har jama'a suka ɗauki gawawwakin zuwa birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. Cikin Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Mutanen ƙauyuka suka yi ta gudowa garin Batsari, har ɗakunan karatu na firamare suka zama masaukin 'yan gudun hijira. A watan Maris na wannan shekara kuma aka rufe makarantu saboda annobar korona, daidai lokacin da yaran nan ke shirin jarrabawar aji uku. Takwarorinsu na manyan birane sun sami ɗan abin riƙewa ta intanet. Su kuwa, wanda ke da tsohon littafin yayansa shi ne mai arziki.

Ba a daɗe da komawa ba sai ga abin da ya fi tayar da hankalin iyaye. Daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umarnin rufe makarantun kwana. An sako yaran bayan kwana shida, amma tsoro bai saki zukata ba. Daga ranar nan, aika yaro makaranta ya zama shawarar da uba ke kwana yana juyawa. Cikin Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, sai Disamba aka fara maido da su. Ɗalibin da ya baro ƙauyensu don karatu ba ya da hanyar sanin ko mutanen gida sun kwana lafiya, sai ya tsaya bakin tasha ya tambayi masu zuwa.

To, a nan ne ainihin aikin wannan aji yake, ko da yake babu kofin da ake bayarwa dominsa. Wanda ya yi fashin mako guda saboda an tare hanya, abokansa ne ke ba shi littafi ya kwafa. Na cikin gari sukan raba tabarma da tuwo da na ƙauye. Wanda ya gane lissafi yakan tara 'yan'uwansa a zaure bayan la'asar, don ba kullum malami ke iya isowa ba. Da haka suka lallaba har 2023, shekarar da ƙarancin takardun naira ya sa ko kuɗin mota ya yi wuya, suka zauna jarrabawar WAEC da NECO. Masu neman jami'a kuma suka tafi rubuta JAMB da kwamfuta, alhali wasunsu ba su saba da ita ba. Wanda ya sami shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ya haye kogin da mutane da yawa ba su san zurfinsa ba.

Amma fa tarihin aji ba na waɗanda suka kai ƙarshe ba ne kaɗai. Akwai yarinyar da aka aurar tana aji huɗu, ba don iyayenta sun ƙi ilmi ba, sai don suna ganin ɗakin miji ya fi hanyar makaranta tsaro. Akwai yaron da aka sayar da gonar gidansu don biyan kuɗin fansa, ya ajiye biro ya tafi ci-rani Kano ko Abuja. Waɗannan ba faɗuwa suka yi ba, ture su aka yi.

Don haka ya kamata duk ranar da tsofaffin ɗaliban wannan aji suka taru, a ɗauko rajistar 2017, a kira sunaye tun daga na farko har na ƙarshe. Wanda ya amsa a yi masa barka, wanda ya yi nisa a nemo shi, wanda ya riga mu gidan gaskiya a yi masa addu'a. Ɗaliban Hausa kuma suna da nasu nauyin, na su je su ji labarin nan daga bakin masu shi, su rubuta shi da harshen da aka rayu da shi, tun kafin mantuwa ta cinye abin da bindiga ta rage.