Kumasi a watan zafi: zagayen sito-sito daga Zango zuwa Suame

Duk wanda ya taso a Kano ko Maraɗi, in ka ce masa ana zafi a Kumasi, dariya zai yi. Gaskiyarsa, ranar nan ba ta kai ta Arewa ba. Amma daga Fabrairu zuwa Maris, bayan hunturu ya janye kuma damina ba ta kankama ba, akwai wani zafi mai gumi da ke sauka a garin. A waje ma'auni zai nuna 33 ko 34, amma ka shiga sito mai rufin kwano da azahar ka ji yadda yake. Shekaruna sun haura hamsin, kuma a ganina waɗannan makonni ne ke raba ɗan kasuwar da zai fita da riba da wanda zai ci uwar kuɗi.

Zangon Kumasi fatauci ne ya kafa shi. Kakanninmu Salaga suke zuwa sayen goro, abin da ake kira fataucin Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumasi a 1896, sai fatake suka yi ta gangarowa kudu. Yau in ka bi ta Alabar, Akwatia Line, Aboabo har Asawase, za ka ga gidaje da yawa da ɗakin gaba sito ne, iyali na ciki. Galibin kayan da ke jibge a ciki ba na mai ɗakin ba ne. Amana ce ta wani da ke Sakkwato ko Yamai, yana jiran kira a waya.

A wajen 'yan goro na fi koyon wannan sana'a, don goro ba ya yafe sakaci. Yana son sanyi da ɗan danshi. In ya sha zafi sai ya yanƙwane, in ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe. Shi ya sa tsofaffin Zango ba sa jingina huhu da bangon da rana ke duka, ba sa kuma tara shi har ya kusa kwano. A kan katako suke ɗora shi, da tazarar da iska za ta ratsa. Lokaci-lokaci a kwance, a canza ganyen fita, a tsince wanda sankara ta taɓa kafin ta bi sauran. Albasar Galmi da ke saukowa ta Paga da Tamale ita akasin haka take so, bushewa da iska. Wanda ya haɗa su ɗaki guda ya zalunci ɗaya.

Daga nan sai abin ɗaukar kaya. Mu nan ba mu da manyan injuna irin na tashar jirgin ruwa ta Tema. Namu su ne amalanke, baro, da babur mai ƙafa uku da ake kira aboboya. Ƙurar hunturu tana shiga boris ta cakuɗe da giris, zafi ya zo ya tsinka giris ɗin ya tsiyaye, sai ƙarfe ya koma cin ƙarfe. In ka ji amalanke na kuka, kada ka ƙara sabon giris a kan tsoho. A kwance, a wanke da kananzir, sannan a cika. Iskar taya da sassafe ake aunawa, don rana na ƙara mata ƙarfi, kuma tayar da ta tsattsage a irin wannan lokaci take fashewa da lodi a tsakiyar titi. Batirin da ake zuba wa ruwa a riƙa leƙa shi, zafi na shanye ruwan.

Duk wannan gyara Suame Magazine ake kai shi, unguwar makanikai da maƙera da ke arewacin gari, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Shawarata, ka je tun Janairu. In ruwa ya sauko, hanya ta ɓaci, kowa can zai nufa, layi ya yi tsawo.

Sikeli ma yana buƙatar kulawa. Kada a bar mai batir a rana. Ka ajiye wani nauyi da ka tabbatar da shi, ka riƙa gwadawa duk mako. Rabin kilo a buhu ɗaya ba komai ba ne a ido, amma a buhu 200 ya zama kilo 100, ko dai kai ka yi asara ko ka ci haƙƙin wani.

Babban abin tsoro kuwa gobara ce. Mutanen Kumasi ba su manta wutar da ta tashi a sabuwar kasuwar Kejetia a Maris 2023 ba, ga kuma ta Adum a Maris 2025 da ta cinye shaguna masu yawa. Ka lura da watan. Lokacin zafi kowa na kunna fanka da firji, a ɗora wa siririyar waya abin da ya fi ƙarfinta, ɓera kuma ya riga ya gaigaye ta a cikin silin. Ka kira mai gyaran wuta ya bi wayoyin sitonka. In za ka rufe da yamma, kashe wutar daga babban makunni, don in an ɗauke an dawo da ita cikin dare babu kowa a wurin. Janareto da galan ɗin fetur su kwana nesa da kaya. Tukunyar kashe gobara ta zauna bakin ƙofa, ba bayan buhuna ba, kuma yaran shago su haddace lambar 'yan kwana-kwana, 192 ko 112.

Kada a manta da masu ɗaukar kayan kansu, 'yan dako da kayaye, 'yan matan da ke zuwa daga arewacin Gana. Lodi mai nauyi a yi shi da safe ko bayan la'asar, a ajiye musu ruwan sha a inuwa.

Na ƙarshe, tun rana na nan ka sa a hau rufi. Kwanon da ke buɗewa da rana ya tsuke da dare yana sassauta ƙusa, kuma ba za ka sani ba sai ruwan farko ya sauka a kan buhun wani. A Kumasi ruwan nan ba ya wuce Maris ko farkon Afrilu. Allah ya tsare mana dukiyarmu da ta mutane.