Filaye Uku A Titi Ɗaya: Garin Norman Da Malamar Wasansa

Wanda ya bar birnin Oklahoma a tsakiyar Amurka ya nufi kudu, tafiyar kamar kilomita 30 za ta kai shi wani gari mai suna Norman. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, jar ƙasa, ga iska mai ƙarfi, musamman a watannin Afrilu da Mayu lokacin da guguwa kan yi ɓarna. Babban abin da ya raya garin shi ne Jami'ar Oklahoma, wadda aka kafa a 1890. Amma abin da za mu duba yau yana kudancin jami'ar, a kan wani titi da ake kira Jenkins, inda filayen wasa uku suke kusa da juna. Duk wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya karanta tarihin aikin wata mata mai suna Patty Gasso.

Kafin mu shiga, bari mu gaya wa mai karatu irin wasan. Sunansa softbol, ɗan'uwan besbol ne, an kuwa ƙago shi a Shikago a 1887. Kowane ɓangare 'yan wasa tara ne. Mai jifa takan wulwula hannu ta sako ƙwallo ta ƙasa, mai bugu ta make ta da kulki, sa'an nan ta sheƙa ta zagaya tashoshi huɗu kafin a mayar da ƙwallon. Zagaye bakwai ake yi. A jami'o'in Amurka wasan 'yan mata ne, ya kuwa sami gindin zama bayan dokar 1972 wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata.

An haifi Patty Gasso a 1962, ta tashi a garin Torrance na Jihar Kalifoniya. Ta yi wasa a ƙaramar kwalejin El Camino, daga nan ta wuce Jami'ar Long Beach. Da ta koma koyarwa, ba ta faɗa babbar jami'a kai tsaye ba. Daga 1990 zuwa 1994 tana horar da 'yan matan wata ƙaramar kwaleji a Long Beach, irin wadda ɗalibai kan yi shekara biyu su wuce. A can ta ci wasa 161, abin da ya sa Jami'ar Oklahoma ta ɗauke ta a ƙarshen 1994.

To, fili na farko shi ne Reaves Park, watau dandalin shaƙatawa na hukumar gari. A nan ta fara aiki a 1995, domin jami'ar ba ta da filin softbol nata na kanta. Aro ake yi, alhali kuwa ƙungiyoyin mazan gari su ma nan suke wasa da yamma. Sai 'yan matan su tsince sharar da aka bari kafin su fara motsa jiki, in lokacin masu fili ya yi kuma su tattara kayansu su ba da wuri. Ga shi aikin koci a jami'a ba koyar da wasa kaɗai ba ne. Dole ta bi makarantun sakandare tana neman yara masu hazaƙa, ta shawo kan iyayensu da alkawarin karatu kyauta. Ka ga kuwa raba yarinya da bakin tekun Kalifoniya a kawo ta filin aro ba ƙaramin aiki ba ne.

In ka tsallaka titi sai ga fili na biyu, wanda aka buɗe a 1998, daga baya aka sa masa sunan Marita Hynes, jami'ar da ta ɗauko Gasso aiki. Shekarun farko a nan sun yi mata tsanani. Albashi kaɗan ne, maigidanta ya koma aiki Kalifoniya, ita kaɗai ke fama da yara biyu, har ta ƙudura ajiye aiki in kakar wasan 2000 ta ƙare. Ashe mahaƙurci mawadaci ne. A wannan shekarar 'yan matanta suka doke jami'ar UCLA da ci 3 da 1, suka ɗauki kofin ƙasa. Daga 1988 zuwa 1999 kuwa kofin bai taɓa barin jami'o'in Kalifoniya da Arizona ba.

Sai da ta jira shekara 13 kafin ta sake ɗaukarsa a 2013. Daga nan fa ƙofa ta buɗe: 2016 da 2017, sa'an nan sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, abin da babu wata jami'a da ta taɓa yi. A kakar 2023 sun ci wasa 61, sau ɗaya tak aka doke su. Har ila yau sun yi wasa 71 a jere ba a ci su ba, tsakanin 2023 da 2024.

Fili na uku yana ɗan gaba kaɗan ta kudu. Sunansa Love's Field, an buɗe shi a watan Maris na 2024, yana ɗaukar 'yan kallo wajen 4,200, an kuma kashe masa kusan dala miliyan 48. Sunan na wani kamfanin gidajen mai ne na jihar, wanda ya ba da babbar gudummawa. A bakin filin an kafa mutum-mutumin Gasso a watan Satumba na wannan shekarar.

Kada mai karatu ya zaci nasara gado ce. A 2025 jami'ar Texas Tech ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, kofin ya tafi Jami'ar Texas. Amma a farkon shekarar ne aka naɗa Gasso shugabar masu horar da ƙungiyar matan Amurka domin wasannin Olamfik na 2028. Ko da yake Los Angeles ce mai masauki, an shirya yin softbol ɗin a birnin Oklahoma, a filin Devon Park mai ɗaukar mutum 13,000, inda ake yin gasar ƙarshe ta jami'o'i kowace shekara.

Daga filin aro zuwa sabon fili tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Ita kuwa Patty Gasso sai da ta yi shekara 29 tana wannan tafiya.