DAGA MARARABA ZUWA DUWATSUN SHERE: SHIRIN TAFIYAR BAZARA

Duk wanda ya tsaya a bakin babban titin Mararaba da asuba zai ga abin mamaki. Motoci manya da ƙanana, da babura, da masu tafiya a ƙasa, kowa ya sa gabansa yamma, watau wajen Nyanya da Abuja, ana rige-rigen isa wurin aiki. Da magariba kuma sai ayarin ya juyo. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma tun da aka dawo da hedkwatar ƙasa Abuja ran 12 ga watan Disamba na 1991, ya zama makwancin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin hayar cikin birni ya fi ƙarfinsu. Abin da yawancinsu ba su kula da shi ba shi ne, wannan titi da ke kai su ofis, in aka juya masa baya aka nufi gabas, shi ne kuma ke kai mutum wuraren da suka fi ko'ina sanyi da ban sha'awa a tsakiyar Nijeriya.

A 'yan shekarun nan samari da yawa sukan ga hotuna a wayoyinsu na irin yawon da Turawa ke yi idan hunturunsu ya fara janyewa. Sukan loda tanti da kekuna a mota, su kwana a daji, da safe su hau dutse su yi zamiya bisa dusar ƙanƙara da wani faffaɗan allo da ake ɗaura wa ƙafafu, da yamma kuma su gangaro kwari su yi tseren keke. Wasannin nan biyu ba su daɗe ba. Keken hawan dutse ya samo asali ne daga Jihar Kalifoniya ta Amurka a wajen shekarun 1970, aka shigar da shi gasar Olamfik a 1996, zamiyar allo kuwa sai a 1998 a ƙasar Japan. To, saurayin Mararaba da ya ga wannan yakan yi ajiyar zuciya, ya ɗauka sai mai kuɗin jirgi ke shan irin wannan iska. Alhali kuwa kashi biyu cikin uku na abin yana nan kusa da shi, tafiyar yini guda.

Gaskiya ne dusar ƙanƙara ba ta sauka a Nijeriya. Mai son ta a nahiyar Afirka sai ya tafi duwatsun Atlas na Maroko, ko Lesoto can kudu, inda ake sanyi daga watan Yuni zuwa Agusta. Abin da ya fi kama da ita a ƙasar nan shi ne tuddan rairayi na Tulo-Tulowa a ƙasar Yusufari ta Jihar Yobe, inda yaro kan zauna bisa tudu ya sulalo har ƙasa. Amma kwanan tanti, da tuƙin doguwar hanya, da hawan dutse a kan keke, duka ana iya yinsu tsakanin Mararaba da Jos, muddin dai mutum ya yi shirinsa bisa yanayin ƙasarsa, ba bisa kalandar wasu ba.

Ba sabon abu ba ne

Kwana a daji don tafiya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, kuma ba su tashi sai da tsari. Akwai madugu mai shugabancin ayari, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai uban dawaki. Sun san zangon da ke da ruwa, sun san garin da za a kai wa sarkinsa gaisuwa kafin a sauke kaya, ba su kuma yarda damina ta same su a bakin kogi. Mai shirin tafiya yau, ko da mota ce a ƙarƙashinsa maimakon jaki, waɗannan tambayoyi uku ne dai ke gabansa: yaushe, ta ina, kuma a hannun wa za a sauka.

Batun lokaci

Abin da Turawa ke murna da shi a watan Maris da Afrilu shi ne dawowar ɗumi. A nan kuwa watannin su ne tsakiyar bazara, lokacin da zafin Abuja kan doshi digiri 40, kwanon ɗaki ya zama kamar tanda. Saboda haka manufar tafiyar ta juye: gudun zafi ake yi, ba nemansa ba. Maganinsa kuwa hawa sama. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6. Garin Jos yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa ta kai mita 1,829. Shi ya sa wanda ya kasa barci a Mararaba don gumi zai nemi bargo a Jos a daren ranar.

Mafi dacewa a tashi tsakanin tsakiyar Maris da farkon Afrilu. A sa'an nan hazon hunturu ya washe, ana hangen nesa, hanyoyin ƙauye kuma ba su jiƙe ba. Da Afrilu ya yi nisa ruwa yakan fara sauka a Filato, ruwan farko kuwa yakan zo da iska da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Tantin da ba a ɗaure shi da kyau ba, iska guda ta ishe shi.

Hanya

A bar Mararaba bayan sallar asuba, tun cunkoso bai haɗu ba. Ana wuce Masaka da Gora sai Keffi, garin da Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19. A nan ne a 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloni, ya wuce Kano, abin da Turawa suka sa cikin hujjojinsu na kai wa Kano yaƙi a 1903. Daga Keffi sai Garaku, sai Akwanga, inda hanya ta rabu: ɗaya ta yi kudu zuwa Lafiya da Makurdi, ɗaya ta yi arewa zuwa Jos. A Akwanga ya kamata a cika tanki, a duba ruwan lagireto da iskar tayoyi.

Wanda ke da lokaci sai ya ratse ta Wamba ya ga Farin Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga gefen tudun Filato, tsawon kimanin mita 150, fari fat kamar an shanya alawayyo. Sai dai a nan akwai zaɓi mai wuya. Da damina ruwan ya fi ƙarfi da kyan gani, amma a lokacin hanya ta fi wahala. Da bazara hanya ta bushe, ruwan kuma ya ragu. Mai ƙaramar mota gara ya haƙura da na bazara. Ƙarshen tafiyar da ƙafa ake yinta, don haka a nemi ɗan gari ya yi jagora, a kuma komo Akwanga tun rana ba ta faɗi ba.

Daga Akwanga hanyar Jos takan ɗan ratsa kudancin Jihar Kaduna kafin ta iso gindin Hawan Kibo. Duk direban babbar mota ya san sunan nan, don wuri ne mai tsayi da lanƙwasa wanda ya ci rayuka da yawa. A hawa kada a yi garajen wuce tirela a kwana. A gangara kuma, ran komowa, a sa mota a ƙaramar giya, kada a dogara ga birki kaɗai, gama in ya yi zafi yakan ƙi kamawa. Kusa da nan ne ruwan Assop yake, wurin hutawa mai inuwa, sai dai duwatsunsa suna da santsi. Da an gama hawan sai iska ta sake, bishiyoyi su ragu, fili ya buɗe. Ga duwatsun Riyom da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, ga gonakin acca da dankalin Turawa an kewaye su da shingen ƙerana. Kafin a shiga Bukuru sai a iske wata mararrabar kuma, watau Mararrabar Jama'a. Mutum ya tashi daga Mararaba ya sauka a Mararraba.

Shere da keke

Duwatsun Shere suna gabas da Jos, 'yan kilomitoci kaɗan daga cikin gari. A nan ne Cibiyar Horon Zama Ɗan Ƙasa da Shugabanci take da makarantarta ta dutse. Asalin cibiyar a 1951 ne, a wani wuri da ake kira Man O' War Bay a bakin teku cikin Kamaru, daga baya aka dawo da ita Filato. Shekara da shekaru ana kai ɗalibai da ma'aikata wurin su koyi hawan dutse da igiya, da kwana a fili, da taimakon juna. Ayarin da bai taɓa kwanan daji ba, babu inda ya fi masa dacewa ya fara neman shawara da jagora kamar nan.

Ƙasar Filato kamar don keke aka yi ta. Kamfanonin haƙar kuza sun bar hanyoyin burji masu yawa a kewayen Bukuru da Rayfield, ga kuma turbobin manoma da na shanu. Keken hawan dutse ya bambanta da keken zuwa kasuwa ta wajen kaurin taya, da yawan giya, da ƙarfin birki. Ba lalle sai sabo ba. Na hannu ma ya isa in an kai shi wurin mai gyara ya duba kaca da birki. A tafi da famfo, da kayan faci, da tiyub na ajiya, don ƙaya ba ta da wuya a wurin. Hular kwano kuwa wajibi ce. A hau da sassafe ko da la'asar, kada a ratsa gonar mutane, in an gamu da garke a sauka a ba shi hanya.

Akwai gargaɗi guda da bai kamata a manta ba. Tafkunan da ake gani birjik a Filato yawancinsu tsofaffin ramukan kuza ne da ruwa ya cika. Suna da kyan gani, amma zurfinsu daga baki yake farawa, sun kuwa haɗiye mutane da yawa, har da waɗanda suka iya iyo.

A hannun wa za a sauka

Wannan ita ce tambayar da ta fi sauran nauyi. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ƙasar Filato ta sha fama da tashin hankali tun rikicin Jos na 2001, kuma a ƙarshen Disamba na 2023 an kashe mutane fiye da 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. A wurin da zukata ba su kwanta ba, baƙin fuska da suka kafa tanti a bayan gari ba tare da sanin kowa ba, sun jawo wa kansu zargi, sun kuma tayar wa masu gari hankali. Don haka ba a kafa tanti sai a wuri mai tsaro wanda aka tanada, ko inda dagaci ko mai unguwa ya nuna da kansa. A tambayi labarin hanya a tasha kafin a tashi, kada a yi tafiyar dare, a kuma bar wa wani a gida bayanin inda za a kwana kowace rana. In aka ce wuri ba lafiya, a sake hanya. In ruwa ya ɗauki mutum, ba a tambayarsa ko ya iya iyo jiya.

Zango na ƙarshe

Wanda ya sami mako guda sai ya zarce Bauchi ya shiga dajin Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962. A nan zafi zai sake samunsa, don an sauko daga tudu, amma bazara ita ce lokacin da ya fi kyau a ga dabbobi, saboda ciyawa ta bushe, giwaye da ɓauna da gwanki kuma sun taru a bakin kogin Gaji. Ga ruwan Wikki mai ɗumi garau, wanda zafinsa ke tsaye a kan digiri 31 rani da damina. A rufe abinci cikin mota, don gogunan wurin sun gwanance da fizge. Mai mako biyu da mota mai ƙarfi kuwa, tudun Mambila na Jihar Taraba yana jiransa, da gonakin shayi da kuma Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419.

Guzuri

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai shi ne babban nauyin tafiya. Maganinsa haɗin gwiwa: mutum huɗu a mota guda, a naɗa madugu, a naɗa ma'aji, a tara kuɗi tun da wata guda. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan, don ba kowane ƙauye waya ke kamawa ba. Kayan da ba a rabuwa da su su ne tanti, da bargo, da gidan sauro, da tocila, da risho, da jarkar ruwa, da tabarma da buta, da akwatin magani, da safayar taya mai iska da jak. Abinci kuwa irin na fatake ya fi: kilishi, da ƙuli-ƙuli, da garin kwaki, da dabino, da ganyen shayi. In an tashi daga zango a kashe wuta da ruwa, gama ciyawar bazara ba ta jiran gayya, a kuma kwashe leda da gwangwani.

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce na zaune bai ga gari ba. Akwai mutane a Mararaba da suka shekara 20 suna bin titin nan kullum, sun san kowane rami daga gadar Nyanya zuwa sakatariya, amma ba su taɓa sanin abin da ke bayan Keffi ba. 'Ya'yansu sun san sunayen duwatsun Turai ta waya, ba su taɓa jin sunan Shere ba. Kwana huɗu, da tankin mai na karo-karo, da kyakkyawan shiri sun isa su gyara wannan. Allah ya kiyaye hanya, ya mayar da matafiya gida lafiya.