Mu 17 Ne, Shida Suka Iya



Mu 17 ne a ƙungiyar kiɗanmu, kuma in za a faɗi gaskiya tsakani da Allah, shida ne kawai za a kira su makaɗa ba a ji kunya ba. Sauran 11 masu sha'awa ne. Wani ya fara gane hanya, wani yana lalube, akwai kuma mutum biyu da in ka ce su riƙe kiɗa ɗaya na minti uku sai sun ɓace a tsakiya. Babu mai ci da kiɗa a cikinmu. Akwai tela da yaron shagonsa, akwai mai tuƙa Keke Napep, da ma'aikaciyar jinya, da malamin firamare, da mai gyaran waya, da mu da muka gama difloma muke jiran abin da Allah zai yi. Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a wani ajin firamare a Sabon Garin Zariya, mu ture bencuna gefe, mu yi ta fama har a kira magariba. Kowa yana ajiye naira 500 a mako, da ita ake sauya fatar da ta fashe, a sayi batir.

Kayan da muke da su ke nan: kalangu biyu, ɗan karɓi, kuntuku, kukuma biyu, garaya, sarewa, ƙwarya uku, jita ɗaya, da wata ƙaramar fiyano. Mutum huɗun da suka rage 'yan amshi ne. Wanda ya san kiɗan Hausa zai ga abin mamaki a wannan jeri, domin a da waɗannan kaya ba sa zama inuwa ɗaya. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, garaya ta maharba, sarewa ta makiyaya, ƙwarya kuma ta mata ce a cikin gida, irin wadda Barmani Coge ta fito da ita bainar jama'a har rasuwarta a 2013. Tambari da kakaki na sarauta ne, ba mu taɓa su ba, ba kuma mu da niyya. Haɗa kaya iri-iri su yi kiɗa ɗaya shi ne abin da Turawa ke kira okestira, tamu dai ta unguwa ce.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce, me ya sa waɗanda suka iya ba za su ware su yi abinsu ba? Wannan tambaya ta kusa raba mu bana, shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani.

Zaman gwani da ɗan koyo a cikin kiɗa ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Haka gidajen kiɗa suke tun asali. Yaro zai fara da ɗaukar kaya, sai ya shiga amshi, sai a ba shi ƙaramar ganga mai maimaita abu ɗaya, sai bayan shekaru hannunsa ya kai ga babba. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗa ya tashi, ya yi amshi a bayan na gaba da shi kafin ya zama shugaba. Shi kansa tsarin kiɗan an yi shi hawa-hawa, akwai gurbin mai shekara 40 a hannu, akwai na mai wata huɗu. Abin da mu ba mu da shi shi ne gidan. In ka cire dattijo ɗaya, babu wanda ya gaji kiɗa a cikinmu, wasunmu ma a ɓoye suka fara zuwa, don kada a ce ɗan wane ya zama maroƙi. Ba kanmu aka fara ba: Mamman Shata, da aka haifa a Musawa a 1923, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. To wanda bai gada ba, in gwanaye suka rufe ƙofa, a ina zai koya?

Dattijon nan da muke kira Baba ya haura shekara 70. Ya yi wa mahauta kiɗa a ƙuruciyarsa, ya daina fita tuntuni, shi ke riƙe mana babban kalangu. In ya matse tsirkiya a hammata sai fata ta ɗaure, murya ta yi sama, in ya saki ta sauko, da haka kalangu ke bin hawa da saukar muryar Hausa har mai sauraro ya ji magana. Kusa da shi kuma ga mai gyaran waya da kuntuku, wanda aikinsa bugu ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Baba ne ya zaɓi wannan zama. Bai yarda gwanaye su taru a gaba, 'yan koyo su taru a baya ba. Kowane mai rauni yana da gwani a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, ta yadda zai riƙa satar hannu da ido.

Kafin a fara komai sai an daidaita muryoyin kaya, kuma a nan ne abin dariya yake. Kukuma da garaya da jita ana ɗaure su, ana sassautawa. Fata ma tana da dabara, da damina takan saki sai a shanya ta a rana ko a nuna mata wuta, da hunturu kuma ta bushe har ta nemi tsagewa. Sarewa ce kaɗai ba ta gyaruwa, yadda aka huda ta haka za ta yi kuka har ta karye. Saboda haka kowa ita yake bi, mai fiyano ma sai ya lalubo maɓallin da ya fi kusa da ita. A manyan ƙungiyoyin Turai wata irin algaita ce da ake kira obo take ba kowa sauti, wanda galibi ke kaɗawa sau 440 a sakan ɗaya. Mu kuwa mai sarewarmu yana cikin mutum biyun nan da ke ɓacewa a tsakiya. Duk Asabar sai gwanaye shida sun yi shiru, sun kasa kunne gare shi, sannan su taɓa kayansu.

Babbar cutar ɗan koyo gudu ce. Da ya hango wuri mai wuya sai gabansa ya faɗi, hannunsa ya ƙara sauri, na kusa da shi ya bi shi, kafin ka ankara kiɗan da aka fara da tafiyar raƙumi ya koma sukuwa. Abin da gwani ke yi ba tare da ya sani ba shi ne ya ƙara ƙarfi don ya jawo mutane. Hakan ƙara dagula lamari yake yi, domin ƙarar tasa ta danne kuntuku, kuma kuntuku shi ne igiyar da kowa ke riƙe da ita. Dokar Baba ita ce, in kiɗa ya fara gudu, manya su rage murya. Doka ta biyu, wanda ya ɓace kada ya yi ta bugun neman hanya, ya ɗauke hannu, ya jira kan kiɗa ya zagayo, ya shiga. Ta uku, ba a waiwayen wanda ya yi tuntuɓe. Ta ukun ce ta fi wa gwanaye wuya.

Ana nan sai wata makaranta ta gayyace mu bikin yaye ɗalibai, minti 20 a gaban iyayen yara. Shi ne karo na farko da za mu fita daga ajinmu. Babban mai kukumarmu, saurayi ne da bai kai 30 ba, kuma ba mu taɓa jin hannu irin nasa a kusa ba, ya miƙe ya ce:

"Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma wannan fita ce ta mutunci. Mu shida mu je mu yi, sauran su zauna a cikin jama'a. In an san mu, gaba sai a tafi da kowa."

Baba ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka akwai gaba? Wanda ka zaunar yau, Asabar mai zuwa ba za ka gan shi ba."

Ba ma son a ɗauki saurayin nan a matsayin mai girman kai, domin maganarsa tana da nauyi. Shekara biyu yana zuwa, bai taɓa fashi ba. Akwai kiɗan da yake ji a kansa, mai sauri, mai lanƙwasa, wanda ba zai taɓa yin sa tare da mu ba. Abin da ya iya a zama ɗaya, mu sai mun yi wata biyu a kai, shi kuma yana zaune yana maimaita shi kamar mai horo. Ya ce hannunsa ya fara lalacewa, kuma muna jin da gaskiyarsa, domin wanda kullum yake rage gudu don wani, wata rana zai nemi gudun ya rasa. A irin wannan ƙungiya ɗan koyo riba yake ci kowane mako, gwani ne ke biya. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa shi kaɗai, bai taɓa jiran kowa ya iya ba, kuma babu wanda ya zarge shi.

Mako uku muna jan wannan magana. A cikinsu ne malamin firamare ya zo mana da wani fim a wayarsa, muka taru a kai kamar masu cin tuwo. Labarin wata okestira ce a birnin Kinshasa na Kwango, wadda wani tsohon matuƙin jirgin sama, Armand Diangienda, ya kafa a 1994. Mutanen gari ne masu sana'o'insu, yawancinsu ba su je makarantar kiɗa ba. Da farko gogen Turawan da suke da shi bai ishe su ba, sai karɓa-karɓa suke yi, har suka koyi sassaƙa wasu kayan da kansu. A fim ɗin, wanda ya fito a 2010, ana ganin su suna shirin kiɗan Beethoven bayan sun tashi daga aiki. Kowane ɓangare ya samu hujja a ciki. Mai kukuma ya ce, kun gani, sun kai nan ne don sun matsa wa kansu. Ma'aikaciyar jinya, wadda ke jan ƙwarya, ta ce ita abin da ta gani shi ne da an tace masu iyawa a ranar farko, da babu wanda zai rage.

Ita ce kuma ta kawo maganar da ta fi tsaya mana a rai. Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyano ta karɓe kiɗan finafinan Hausa, mutum ɗaya a sutudiyo yana fitar da muryar ganga da ta sarewa da yatsunsa. Biki kuma ya koma na mai dije. Ba faɗa muke yi da fiyano ba, ga ta nan a cikinmu. Amma kayan kiɗa a hannun mutane suke rayuwa, kuma hannu ba ya zama gwani sai ya daɗe yana ɓata kiɗa a kusa da wanda ya iya. In Baba ya tafi, abin da zai rage na kalangunsa a unguwar nan shi ne abin da ya shiga hannun waɗannan 11.

Aka tsayar da magana a kan kowa zai hau. Aka sake tsara kiɗan uku da za a yi, kowa daidai ƙarfinsa. Mai sarewa aka ba shi jimla ɗaya gajera da zai busa sau huɗu, duk lokacin da Baba ya ɗaga masa gira. Aka ware wa babban mai kukuma wuri mai tsawo a tsakiya, kowa zai yi ƙasa da murya in ban da kuntuku, ya yi duk abin da ransa ke so. Ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya shafa wa izgarsa ƙaro kamar yadda ya saba, ya yi atisayen ranar tare da mu. Asabar ta gaba bai zo ba.

Ranar biki yaron tela ne ya riƙe kukuma, wata tara ke nan da fara koyonsa, wurin nan mai tsawo kuma aka rage shi rabi. A kiɗa na biyu ƙwarya ta fara gudu, jita ta bi ta. Muka ji Baba ya sauke muryar kalangu har kamar ya daina, sai ga kuntuku ya fito fili, mai gyaran waya ya sunkuyar da kai yana bugunsa ɗaya tilo, gumi na zuba. Ɗaya bayan ɗaya muka koma kansa. Masu kunne a cikin iyaye sun ji abin da ya faru, mun ga wani dattijo yana murmushi. Ba a yi mana liƙi ba, domin mun roƙi kada a yi. An tafa, an ba mu lemo, muka kwashe kayanmu a Keke Napep sawu uku.

Bayan bikin mutum uku sun shigo, babu wanda ya taɓa riƙe makaɗi a cikinsu, ɗaya ma yarinya ce da kakarta ta yi amada. Gwanayenmu kuma sun koma biyar, kiɗanmu ya ragu, duk wanda ya san mu bara zai ji bambanci. Mun samu labarin saurayin yana zuwa wani sutudiyo a Kaduna, ana ɗaukar kukumarsa a waƙoƙi, kuma mun yi masa murna har zuci. Tela yakan haɗu da shi a kasuwa su gaisa. Baba ya hana a matsa masa, ya kuma hana a cire sunansa daga littafin kuɗin mako. Ya ce a bar gurbinsa, in ya gaji da kiɗa da na'ura zai so ya ji numfashin mutum a gefensa. Yaron tela dai yana nan yana fama da wurin nan mai tsawo, makon jiya ya kai ƙarshensa sau ɗaya cikin biyar.