Idon Ƙuda a Kan Fiffike

Shekaru da dama na ɗauka cewa kowace gaɓa ta jiki da nata rubutun gado, na ido dabam, na ƙafa dabam. Wani ɗan ƙuda ne ya raba ni da wannan zato, irin wanda ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba, wanda masana ke kira Drosophila.

Jikinsa, kamar namu, an gina shi ne da ƙananan tubala da ido ba ya gani, kuma kusan kowane tubali yana ɗauke da littafin gadon gaba ɗaya. Bambancin yana ga babin da aka buɗe. Akwai ƙwayoyin gado da aikinsu shi ne su umarci waɗansu su tashi ko su yi shiru, kowace a wurinta da lokacinta.

A 1915 Mildred Hoge ta gano ƙudaje masu ƙanƙancewar ido ko rashinsa, saboda lahani a ƙwayar gado guda. Bayan shekara 80, watau a 1995, Walter Gehring da abokan aikinsa a Jami'ar Basel ta Suwizalan suka tayar da lafiyayyar wannan ƙwaya a wuraren da take barci. Sai ga idanu sun tsiro a fiffike da ƙafafu da 'yan ƙahonnin da ƙudan ke shaƙar wari da su, har ma suna amsa haske. Idon ƙuda kuwa ba ƙaramin gini ba ne: kusan 'yan idanu 800 ne a jere, kowane da tubala takwas masu karɓar haske.

To, ga inda na daɗe ina tunani. Sun ɗauko takwarar wannan ƙwaya daga ɓera, mai suna Pax6, suka sa wa ƙuda. Da ni aka tambaya, da na ce idon ɓera za a gani, ko kuwa ba za a ga kome ba. Alhali idon ƙuda ne ya fito. Wanda ya karanta nahawu zai gane wannan da sauri: ƙwayar fi'ilin umarni ce. Cewa take yi "gina ido a nan", sa'an nan magina su yi da kayan da ke hannunsu, bisa tsarin gidansu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda jikin ƙuda ya ji harshen ɓera.

Lalle wani zai ce azabtar da ƙuda ne kawai, ni ma hoton bai yi mini daɗin gani ba. Amma ɗan Adam ma yana da Pax6, kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In ɗaya ya lalace, sai a haifi jariri babu zoben nan mai launi na tsakiyar ido, ganinsa ya raunana, haske ya riƙa damunsa. Wanda yake da wannan lahani, kowane ɗa da zai haifa yana tsakanin gado da kuɓuta ne, rabi da rabi.