Maƙwabtan Da Ƙuri'a Ta Ba Mu A Festac



Duk Bahaushen da ya tashi a Kurmi, in ka tambaye shi unguwarsu, amsar ba ta wuce Sabon Badun, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri. Wato inda iyayenmu suka haɗu suka yi zango, da masallacinsu da mahautansu da Sarkin Hausawansu. Ni kuwa tawa tashin daban ce, a Festac na girma, cikin bene mai gidaje 16 wanda gidanmu kaɗai ne na Hausawa. Mutanen benen nan nake so in tuna yau, domin yawancin manyansu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu kuma sun watsu a duniya.

Ga wanda bai san wurin ba, Festac rukunin gidaje ne a kan hanyar Badagry, gaba da Mile 2, a yankin Amuwo-Odofin. Gwamnatin tarayya ta gina shi don saukar baƙin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, shi ya sa da farko ake ce masa Ƙauyen Festac. Gidaje kusan 5,000 ne, manyan tituna da lamba ake kiransu, lungunan kuma da haruffa. Da biki ya watse sai aka raba gidajen ta hanyar ƙuri'a. To ka san ƙuri'a ba ta tambayar garinku. Shekara 7 kacal da gama yaƙin basasa, wanda ya ƙare a Janairun 1970, sai ga Bayarabe da Ibo da Bahaushe da mutumin Kalaba suna hawa matakala ɗaya, suna shanya a igiya ɗaya. Mu a 1978 muka tare, Baba yana ƙaramin ma'aikacin gwamnatin tarayya, ni kuma ina aji biyu a firamare.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani dattijo ce Ibo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mu yara Baba Reluwe muke ce masa. Ranar da muka sauke kaya ya leƙo ya yi sallama, ya ce wa Baba, "Malam, sannunku da hanya, yaya kuka baro mutan gida?" da irin Hausar da ko a Fagge sai haka. Ashe a Sabon Garin Kano aka haife shi, ya yi aiki a Zariya da Kafanchan. Mu da muka tashi da Hausa mai gauraye da Yarbanci, shi ne ke gyara mana magana. In na ce masa na "ci" ruwa sai ya kama kunnena ya ce, "Kai ɗan nan, a gidan uban wa ake cin ruwa?"

Abin da bai taɓa ɗaukowa ba shi ne yadda ya baro Kano. Sai da na girma Inna ta gaya min abin da matarsa ta faɗa mata wata rana suna tsinkar alayyafo: a kashe-kashen 1966 suka tsere a jirgi da kayan jikinsu, ƙanensa bai samu fita ba, ɗansu na fari kuma yunwa ta kashe shi a lokacin yaƙi. Da aka gama, kamar yawancin mutanen Gabas, fam 20 ya samu daga banki, da shi ya sake soma rayuwa. Baba shi ma yana da nasa tabon, domin ɗan wansa soja ne, ya tafi fagen daga bai dawo ba. Mutanen nan biyu sun fi shekara 20 suna zama a benci ɗaya bayan la'asar, rediyo a tsakaninsu, kowa ya san abin da ke cikin ɗan'uwansa, ba wanda ya tono. Doka ɗaya Baba ya kafa mana a gida: sunan nan da Hausawa ke kiran Ibo da shi, kada ya sake jin sa a bakin ɗayanmu. Yayana ya taɓa gwadawa, bai maimaita ba.

A hawa na ƙasa akwai Iya Mai Gwangwani, Bayarabiya 'yar Abekuta, mai sayar da madara da tumatirin gwangwani da sabulu ta tagar ɗakinta. Littafin bashinta ya san sirrin kowane gida a benen nan, wane ne albashi ya yi wa jinkiri, wace ce mijinta ya yi tafiya bai bar cefane ba, amma ba a taɓa jin maganar a waje ba. Mijinta ne ke jan mu zuwa masallaci da asuba, tunda yawancin masallatan Yarbawa ne. Can sama kuma ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kalaba, wadda duk yaron da ya yi zazzaɓi cikin dare ƙofarta ake bugawa. Ita ta karɓi haihuwar ƙanwata a tsakar falonmu da fitilar ƙwai, ba a ko kai ga neman mota ba.

Sai wani malamin makaranta ɗan Gana da ke zaune a ɗaki ɗaya wurin wani maƙwabci, yana koya mana lissafi da yamma kyauta. A Janairun 1983 gwamnati ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin barin ƙasa. Muna tsaye a bakin titin Badagry muna kallon manyan motoci cike da mutane da jakunkuna sun nufi iyakar Seme. Matan benenmu suka haɗa masa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da soyayyen kifi, Baba Reluwe ya ɗaukar masa akwati har bakin mota. Tun daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Allah Sarki.

Lokacin Babbar Sallah, wadda Yarbawa ke kira Ileya, Baba kan tafi Alaba Rago ya jawo rago, a ɗaure shi a gindin bene, yaran gidaje 16 su yi ta kawo masa ɓawon doya. Ranar yanka kowane gida sai ya ga kwano. In Kirsimeti ta zo, Mama Reluwe da kanta take riƙo kajinta da rai ta ce, "Malam, a taimaka a yanka mana," don kawai mu iya cin shinkafarta ba tare da shakka ba. Ba wanda ya yi taro ya tsara wannan, kowa dai ya lura da abin da ɗan'uwansa ke ci da wanda ba ya ci. Talabijin kuwa gida uku ne ke da ita. A falon Iya muka kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka ranar 22 ga Maris 1980, da Green Eagles suka ci Aljeriya 3 da nema, Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ɗaya. Da muka ji Shugaba Shagari ya ba 'yan wasan gidaje a Festac, sai da muka yi mako muna zagaya lunguna ko za mu yi kiciɓis da Christian Chukwu.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna nake ba shi labari. Zo mu zauna, zo mu saɓa. An yi faɗa a kan layin famfo, an yi gaba a kan hayaƙin murhu da ƙarar rediyo, Inna da matar sama sun yi wata uku ba sa gaisawa saboda ruwan wanki da ya ɗigo a kan shanyar tuwo. Amma ranar da aka shiga uku, duk wannan ajiye shi ake yi.

Na ga haka sau biyu. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, Ibo da yawa suka kwashe iyali suka nufi gida don tsoron kada a sake yaƙi. Baba Reluwe, wanda ya san abin da gudu ke nufi, ya kawo wa Baba makullin gidansa da takardun gidan a cikin leda, ya ce, "Malam, in ban dawo ba, ka san yarana." Wata biyu Inna na shiga tana share musu ɗaki, har suka dawo suka tarar da komai yadda suka bari. Sai kuma abin ya juyo kanmu: Shagamu a Yulin 1999, Ketu a Nuwambar shekarar, Idi-Araba a Fabrairun 2002. Rikicin bai iso Festac ba, amma tsoro ya iso. Mu ba mu da Sarkin Hausawa a kusa, ba mu da zangon da za mu fake. Iya ce ta hana Inna fita, ta riƙa yi mana cefane har ƙura ta lafa, Baba Reluwe kuma, da tsufansa da sandarsa, ya fito da kujera ya dasa a bakin matakala, masu gadi da masu shayin layinmu su shida suka kwana a falonsa.

Watsewar ta zo a hankali. Da aka mayar da babban birni Abuja a Disambar 1991, ma'aikata suka fara bin ofisoshinsu. Waɗansu suka yi ritaya suka sayar, waɗansu suka zuba 'yan haya. Famfo ya ƙafe, 'yan ga-ruwa suka maye gurbinsa, filayen da muke ƙwallo suka zama shaguna, kowace taga ta sami ƙarfe. Baba ya koma gida a 2003, ya rasu bayan shekara biyu. Baba Reluwe ya hau motar dare tun daga Legas ya je gaisuwa, karo na farko da ya taka Arewa tun 1966. Ya zauna a tabarma cikin zaure, ya yi shiru, da zai tafi ya ce a nuna masa hanyar tasha kawai.

Abin da ya sa na kawo duk wannan, 'yan'uwa mazauna Kurmi, na lura yawancinmu mun iya zumunci da namu, ƙungiyar gari da ta kasuwa da ta masallaci duk muna ciki, kuma hakan na da kyau. Amma mutum ya yi shekara 10 a gidan haya bai san sunan ɗan maƙwabcinsa ba, bai taɓa zuwa masa suna ko gaisuwar mutuwa ba. Ranar da gari ya rikice, kafin ɗan'uwanka na Agege ya ji labari, wanda ke bayan bangonka ya riga ya yanke shawarar ko zai buɗe maka ƙofa. Addininmu ma da ya yi maganar haƙƙin maƙwabci bai ce sai wanda kuke salla tare ba. In Sallah ta zo a kai kwano, in an yi musu rashi a shiga a zauna, a bar yara su san juna.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya saka wa waɗanda suka riƙe mu da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wanda duk ya zauna a Festac a waɗancan shekaru, ina gaishe shi, ina gaida mutan gidansu.